Aduwar Kan Iyaka

Ni dai ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Shekara huɗu na yi, dikte, wato shifta, ta kore ni. Mushenmu, malamin ajinmu, yakan ce in ya karɓi kayen rubutuna zai gyara, jan bik ɗinsa, wato biro, ƙarewa yake yi. Amma shekara huɗun nan ba su tafi a banza ba. Na fito da karatun lambobi, da ɗan kalkil, wato lissafi, da sanin cewa mai ilimi ba ya magana sai ya auna. Daga nan na shiga ɗinki, na yi shekara arba'in da wani abu ina auna mutanen Maraɗi daga kafaɗa zuwa idon sawu, har idona ya fara ganin ramin allura biyu, na sakar wa 'ya'ya keke na koma zaman ƙofar gida a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ji abin da ya same ni a kan aduwa ya ɗauka jahilci ne. Ilimi ne ya ja mini.

Muna da gona a Jiratawa, gadon kakanmu. Da aka raba, mahaifiyata ta sami rabonta daga gabas, kawuna ya sami nasa daga yamma. Tsakanin gonakin biyu, daidai kan iyaka, akwai aduwa guda. Babu wanda ya shuka ta. Wa ke shuka aduwa? Akuya ce ta tofar da ƙwallon, Allah ya raya. Mahaifiyata ta same ta tana ƙarama, ta hana a sassabe ta, tana rage mata rassa har ta miƙe ta zama itace. In ta kawo mana abinci gona, a gindinta take sauke ƙwarya. Yau ba ita ba kawu. Gonarta tana hannuna, ta kawu tana hannun babban ɗansa, taubashina, wanda kuma ƙanwarsa nake aure. Wasa biyu ke nan ya haɗu a kan mutum ɗaya. Tun muna yara bawansa yake ce mini, wai shi ɗan namiji ni ɗan mace. Ni kuma mai tumbi nake ce masa, kuma ba sharri ba ne, ni na ɗinka masa riguna, na san adadin yadin da yake ci.

Bara waccan, bayan an gama girbi, aduwa ta fara zuba, sai ga taubashin nawa, ɗan kabu-kabu ya sauke shi daga babur a ƙofar gidana.

"Kai bawa, tashi ka ba ubangidanka kujera."

"Kujerar ta mutane ce, ba ta buhuna ba. Ina moton naka?"

"Yana wajen mai faci. Karo na uku ke nan cikin wata guda. Ƙayar aduwar Gwaggo."

Gwaggo yake ce wa mahaifiyata. Na ba shi kujerar, sai na ga ya zauna a ɗosane, da ɓari ɗaya, kamar mai jiran a kira shi. Na tambaye shi lafiya. Ya ce ba ruwana. Daga baya na ji ashe ba tayar babur ɗin kaɗai ƙayar ta samu ba.

"Na yi magana da masassaƙi," in ji shi. "Ya ce zai fidda alluna da ƙotoci masu kyau a jikinta. In an kawar da ita in sa mangwaro, abin da mutane ke sha."

Ba a nuna wa taubashi inda ke ciwo, nan zai sa yatsa. Sai na gyara hula na ce masa aduwa abinci ce.

"Abincin awaki."

"Abincin mutane. A rediyo na ji, da kunnena, ana maganar 'ya'yan itatuwan dajinmu da muke rainawa. Aka ce zaƙin aduwa yana ba da ƙarfi, ƙwayar cikin ƙwallonta kuma tana da mai da abin gina jiki, ƙanwar gyaɗa ce. Har bitamin aka ambata."

"Bitamin ɗin ne ya shiga tayata?"

Muka yi ta ja, har masu wucewa suka fara rage tafiya. A ƙarshe ya buga cinya, ya yamutse fuska, ashe ya manta da ciwon, ya kafa sharaɗi. Ranar Asabar mai zuwa in je gona in zauna a kan tabarma a gindin aduwar, daga hantsi har a kira la'asar, ba fura ba tuwo, ba abin da zai shiga bakina sai aduwa. Salla ma a kan tabarmar. In na kai, aduwa abinci ce, ta tsira. In na tashi da kaina na bar wurin, ko don yunwa ko don mene ne, masassaƙi zai sa gatari a ranar.

Na ce na yarda. Mutumin da ya yi azumi sama da hamsin za a tsorata da wuni guda?

Amma ni ba na zuwa gaban shari'a hannu wofi. Kashegari na je Jiratawa na tsinto tiya biyu, na dawo na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ɗauko tsohon metir ɗina na awo da sabon kaye, littafin rubutu. Na jera 'ya'yan aduwa layi kamar masu jiran ɗinkin salla, ina ɗauka ɗaya ɗaya ina aunawa. Tsawo, daga santimetir uku zuwa huɗu. Ƙugu, biyar zuwa shida. Kafaɗa babu. Na gano iri biyu ne a itace ɗaya: akwai doguwa siririya, kamar dabinon da ya tashi daga jinya, akwai gajeruwa mai tumbi, wadda ba sai na faɗi sunan wanda na sa mata ba.

Rigarta rawaya ce, busasshiya, tana ɓarewa da farce kamar ɓawon ƙwai. A ƙarƙashi tsoka ce ruwan maɗi, mai danƙo, in ta kama yatsa sai ka nemi ruwa. Ba a tauna ta, tsotsa ake yi. Da fari zaƙi ke tarbarka da fara'a, sai ka saki jiki, sannan ɗaci ya biyo baya kamar baƙon da ya gama gaisuwa ya gyara zama ya fara kawo ƙara. Sai ƙwallo, dogo mai ƙirga-ƙirga a jiki, tauri kamar zuciyar mai karɓar haraji. Gaskiya ɗaya ce, da na auna sai na ga ƙwallon ne ya cinye wurin duka, tsokar ba ta fi kaurin shafin riga ba. Na rubuta haka, na duba, na soke. Rapor ɗin, wato rahoton, na kare aduwa ne, ba na tona mata asiri ba.

Fasa ƙwallon ne ya so ya kawo rigima. Na ɗora ɗaya a kan dutse na kai masa taɓarya, ya yi tsalle ya bugi murfin tukunya, ya dawo ya wuce ta gefen kunnena. Mai ɗakina ta fito daga madafa.

"Malam, yaƙi ake yi?"

"Bincike ake yi."

Ta karɓa, ta kwantar da ƙwallon a gicciye, ta ɗan ƙwanƙwasa shi da wani dutse, ya buɗe kamar dama jira yake. Na ɗauki ƙwayar na jefa a baki kafin ta yi magana. Jama'a, na sha maɗaci, na sha kinin na likita, amma wannan ya wuce su. Ta jira har na gama tofe-tofe sannan ta ce ai sai an tafasa ta ana zubar da ruwan, sau da yawa, kafin ta ciwu, kuma mai ake fitarwa daga gare ta. Na rubuta wannan ma a kaye, a matsayin abin da na gano.

Ranar Alhamis ne mai ɗakina ta shigo da labarin da ya rushe mini shiri.

"Yaya ya aika Tsibiri. Ya ce a kawo Inna ranar Asabar, wai ita kaɗai ta rage da ta san iyaka, ita za ta yi alƙalanci."

Inna matar kawu ce, ita ta haifi taubashina da mai ɗakina, tana zaune a Tsibiri wajen autarta. Wannan baiwar Allah ta yi mini wanka ina yaro, ta ba ni tuwo a baki. Amma tun ranar da aka ɗaura mini aure da ɗiyarta ta zama surukata, ko gyaɗa ban ƙara jefawa a baki a gabanta ba. Shekara arba'in da wani abu ba ta ga muƙamuƙina yana motsi ba sai wajen gaisuwa. Mai tumbi ya san haka sarai. Dabararsa ke nan: ya zaunar da Inna a gabana wuni guda, ga aduwa a kwano, ba halin in tsotsa, yunwa ta kore ni.

Na yi dariya. Shi bai taɓa shiga lakwal ba. Na ɗauko bik na yi kalkil: in mutum yana tsotse aduwa ɗaya a lokacin da ake ɗinke maɓalli ɗaya, daga hantsi zuwa la'asar zai tashi da wajen tiya guda. To me zai hana in zuba tiyar nan a cikina tun da safe, kafin Inna ta iso, in zauna a ƙoshe kamar raƙumi? Sharaɗi bai hana ba, aduwa ce dai. Na ce wa mai ɗakina ta ɓare tiya ɗaya ta jiƙa, da safe ta murje ta tace mini.

"Malam, Inna tafi ɗaya take jiƙawa, ta dama kunun gida duka da shi."

"Inna ba ta yi kalkil ba."

Ta dube ni, ta dubi tiyar, ta ce, "To."

Duk namijin da ya daɗe da aure ya san "to" iri-iri ne. Wannan na ji shi, na gane shi, na yi kamar ban ji ba.

Asabar da safe aka kawo mini ƙwarya cike da wani abu mai kauri ruwan ƙasa. Mai ɗakina ta riga ta kama hanyar Tsibiri ɗauko Inna, ba mai kallona. Na yi bisimilla na kafa kai. Rabin farko zaƙi, rabin ƙarshe jarumtaka. Na sa babbar rigata ta shadda, wadda na ɗinka da hannuna, na soke kaye a aljihu, na tare ɗan kabu-kabu. Daga Zariya zuwa gonar, ba ramin da yaron nan bai gaisar ba. Ya girgiza ni kamar kwalbar maganin da likita ya ce a girgiza kafin a sha, sai dai ni an riga an sha.

Na tarar da gona fayau. An girbe hatsi, an kwashe kara, ba abin da ya rage a tsaye sai aduwar a tsakiya, koriya shar kamar ba ta san rani ya shigo ba, sai tushen gamba da 'yan kalgo can nesa a ƙuryoyi. A lokacin ban ɗauki wannan a bakin komai ba. Mai tumbi ya riga ni zuwa, ya shimfiɗa tabarmi bayan ya share ƙasa sau uku, ga ƙwaryar fura a rufe da faifai a gefensa. Masassaƙi, wani dattijo marar yawan magana, yana zaune gefe yana wasa gatari.

Da hantsi amalanken jaki ya iso da Inna da mai ɗakina. Na tuɓe takalmi na durƙusa, kai a ƙasa, muka gaisa. Idonta ya yi rauni ƙwarai, amma kunnenta, in allura ta faɗi a Maraɗi sai ta ji a Tsibiri. Aka zaunar da ita a jikin itacen, ni kuma na zauna a tabarmata, na ɗan karkace don kada in fuskance ta.

Taubashina ya turo mini kwanon aduwa gabana, yana murmushi.

"Bisimilla, bawa. Ga abincinka. Kada ka ji kunyar kowa."

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake."

Ya dube ni da mamaki. Ya buɗe furarsa yana sha da ƙara, yana lasar ludayi. Ko a jikina. Gaskiya a sa'ar nan ta farko wani ƙarfi na ji, kamar in ɗauki jakin in ɗora a kan amalanken. Na ce a raina rediyo ba ta yi ƙarya ba. Na fito da kaye, na nemi izini, na fara karanta rapor da muryar mushenmu. Na karanta tsawo, na karanta ƙugu. Na karanta iri biyu, na faɗi sunan gajeruwar, masassaƙi ya yi tari. Na shiga babin hujjoji.

"Hujja ta farko, jajayen awakinmu na Maraɗi. Kowa ya san inda suke wuni in aduwa ta fara zuba. Ku dubi sheƙin fatarsu. Wa ya taɓa ganin akuya a layin likita?"

A nan ne cikina ya yi magana ta farko. Ƙara ce siririya, doguwa, kamar keken ɗinkin da aka daɗe ba a sa wa mai ba. Na ɗaga murya na ci gaba. Ina hujja ta biyu ya sake, wannan karon daga ƙasa, mai kauri. Jaki ya ɗaga kunnuwa. Masassaƙi ya tsayar da washi.

Mai tumbi ya ajiye ludayi a hankali. Na ga fuskarsa tana buɗewa kamar ta wanda aka yi wa albishir.

"Inna, halan hadari ne ya taso? Na ji kamar cida daga gabas."

Ya juyo gare ni.

"Bawa, mi ka ci da safe?"

"Aduwa."

"Nawa?"

"Daidai gwargwado."

Ya kwanta da baya yana dariya har tumbinsa na rawa. Da ya tashi sai ya ɗauko buta, wai zai wanke ludayi, yana tsiyayar da ruwan a hankali daga sama, siriri, yana ba masassaƙi labarin shekarar da gulbi ya cika ya ɓalle, ya tafi da gonakin mutane, ba wanda ya iya tare shi.

"Ruwa in ya taso, malam, ba ya jin roƙo. Kai bawa, tashi mana ka miƙe ƙafa. Tsufa ne, zama ɗaya ba kyau."

Masassaƙi ya miƙe, ya zagaya itacen, ya rungume gindin yana gwada kauri.

To, ga inda nake. In na tashi, gatari. In na zauna, abin da zai faru ba ya rubutuwa a kaye. In buɗe baki in nemi uzuri kuwa, a gaban surukata, in ce me? Mutumin da bai taɓa bari ta ga yana cin abinci ba, yau zai sanar da ita inda abincin ya nufa? Gara ƙasa ta tsage. Na rufe kaye. Na haɗe gwiwoyi, na ja tazuge, na kafa ido a kan wata tururuwa. Zufa ta jiƙa shaddar tun daga wuya. Na ɗaga kai na dubi aduwar, ƙayoyinta dogaye kore, ganyenta bibbiyu, na ce a raina, baiwar Allah, ni na zo kare ki, ke kuma daga ciki kike yaƙata.

Sai na ji muryar Inna, ƙasa-ƙasa, tana yi wa ɗiyarta magana.

"Ke, miƙo hannunki." Ta shinshina. "Jiƙo kika yi. Nawa?"

"Tiya, Inna."

"Ta gida nawa?"

"Shi kaɗai."

Inna ta ce, "La'ilaha illallahu," a hankali, kamar mai jin labarin rasuwa. Ta gyara mayafi. Tsakanina da ita bai fi kamu huɗu ba, amma ba ta juyo gare ni ba, ɗiyarta ta ci gaba da yi wa magana.

"An ɗauko ni tun daga Tsibiri in faɗi iyaka. Ni kuwa ban faɗin iyaka da ka. Akwai tushen gamba da kakanku ya dasa can ƙuryar gabas, daga shi ake jan igiya. Ce ma maigidanki ya tahi ya dubo mini ko yana nan. Ya ɗauki buta, kada azahar ta riske shi can ba ruwa."

Mai tumbi ya zabura.

"Inna! In ya tashi ya faɗi!"

"Sharaɗin mi ya ce?"

"In ya tashi da kansa ya bar wurin."

"To da kansa ya tashi? Ni na aike shi. Ko ban isa ba?"

"Kin isa, Inna. Amma bari ni in je in dubo miki."

"Kai da tumbinka? Sai magariba. Zamna."

Na ce, "To, Inna," da wata murya da ban san ina da ita ba. Na miƙe a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono cike a ka. Na zura takalmi, na karɓi butar daga hannun taubashina, sai da na ɓamɓare yatsunsa. Taku ashirin na farko na yi su da mutunci, irin tafiyar liman ranar Juma'a, don ko ba ta gani sosai ai tana jin sawu. Daga nan na tattare babbar riga na saɓa a kafaɗa. Ban san tsoho yana da irin wannan gudu a ajiye ba. Takalmi ɗaya ya tsaya a hanya, ban tsaya masa ba. Dariyar mai tumbi ta raka ni har ƙurya.

Allah ya ji ƙan kakanmu. Tushen gamban nan ya yi kauri, ya yi tsawo, wanda ya dasa shi mutum ne mai hangen nesa.

Na dawo na durƙusa.

"Inna, gamba yana nan."

"Madalla."

Muka yi azahar. Ban daɗe da zama ba cida ta sake tasowa. Kafin mai tumbi ya buɗe baki Inna ta ce wa ɗiyarta ta tuna, akwai wani kalgo a kudu, shi ma shaida ne, a dubo. Na dubo. Bayan shi aka dubo na arewa. Kowane zuwa in dawo in durƙusa in ba da rahoto, ita kuma ta ce madalla, ba wanda ya yi ko murmushi tsakaninmu. Na huɗun ta ce ƙuryar yamma.

"Inna, wannan ai cikin gonata ce!" in ji mai tumbi.

"To sai ka gode masa."

Masassaƙi, wanda tun safe bai ce uffan ba, ya kifa kai a kan ƙotar gatarinsa, kafaɗunsa suna rawa.

Da na dawo daga yamma ƙafafuna sun zama kamar zaren da aka warware. Na zube a tabarma. Rana ta karkata. Inna ta miƙa hannu baya ta shafa jikin itacen, ta yi magana, wannan karon ɗanta take yi wa.

"Kai mai son mangwaro. Shekarar da rumbuna suka ƙare tun kafin shuka, kana goye a bayana, ni da gwaggonka nan muke wuni. Mu tsinki tohonta mu dafa mu zubar da ruwan ɗaci mu kwaɗa. Mu jiƙa 'ya'yan mu dama kunu. Mu fasa ƙwallon mu dafa ƙwayar. Da ita aka yaye ka, ga shaida nan a gabanka kana ɗauke da ita. Mangwaro sai an ba shi ruwa. Wagga wa ya taɓa ba ta?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da faifai.

"Ke kuma ce ma maigidanki, aduwa abinci ce ga mai hankali. Ga wanda ya yi lakwal kuwa, magani ce."

Na ce, "Na gode, Inna."

Daga cikin Jiratawa muka jiyo kiran la'asar. Ina kan tabarma. Mai tumbi ya yi ajiyar zuciya, ya ce to iyakar fa, bayan duk wannan aike, ta wa ce aduwar?

"Aduwar ita ce iyakar," in ji Inna. "Ana sare iyaka?"

Masassaƙi ya saɓa gatarinsa, ya duƙa ya cika aljihu da 'ya'yan aduwa, ya dube ni, ya mayar da rabi ƙasa, ya yi sallama.

Taubashina ya ce ko da Inna ba ta hana ba, yanzu ko doki aka ba shi ba zai sare ta ba. Itacen da ya sa bawansa ya zagaye ƙuryoyin gona huɗu da takalmi ɗaya, ai sai dai a kewaye shi da shinge a riƙa kawo baƙi. Kuma ya cika alkawari. Har yau ba wanda zai je Jiratawa wajensa bai kai shi ya nuna masa ƙuryoyin ba, ɗaya bayan ɗaya. Aduwar tana nan tsaye, bana ma ta yi 'ya'ya.

Bayan mun yi salla na kasa tashi. Cikina fayau kamar gonar, idona yana ganin taubashi biyu, abin da ɗaya ma ya ishi mutum. Ga sauran fura a ƙwarya, ga Inna a zaune. Sai na ji ta ce wa ɗiyarta, "Ke, juya ni in fuskanci Tsibiri, na gaji da kallon wannan gefen." Aka juya ta, ta ba mu baya, ta ja mayafi ta rufe kai har kunnuwa.

Mai tumbi ya turo ƙwaryar da ƙafa.

"Sha, bawa. Kada ka mutu a kan iyaka a rasa wanda zai ɗauke ka."

Na sha ba tare da ludayi ya taɓa ƙwarya ba, don kada a ji. Ina cikin sha iska ta kaɗa, wata aduwa ta faɗo daga sama, tsulum, cikin furar. Gajeruwar ce. Na tsamo ta, na dube ta da kyau, na miƙa wa jaki.